Katantanwar Inna Delou ba tsafi ba ce

Assalamu alaikum 'yan uwana. Yau ba wasa ya kawo ni ba, kuma wadda ta san da ita nake ta karanta har ƙarshe.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, Allah Ya karɓi ran Inna Delou ta unguwar Suwaidi a nan Riyad, bayan kwana tara a asibiti.

Inna, a zangon Kwatano aka haife ki, bakin teku, kuma ba ki taɓa jin kunyar hakan ba. Lokacin da na zo Riyad ban san kowa ba, ke kika zaunar da ni kika zuba mini miyar dodon koɗin teku. Na yatsina fuska, kika ce, "Ci, 'yar nan, halal ne, ba zai cije ki ba." Kwano biyu na tashi da shi. Hashimu direba ke kawo miki shi daga Jizan cikin ƙanƙara. Ki daddake naman sai ya yi laushi, ki sa manja, attarugu da lemon tsami. Kin ce a gidanku duk mai jego da ita ake tashinta, shi ya sa duk wadda ta haihu a unguwar nan sai kular ki ta isa ƙofarta.

To ku ji. Washegarin jana'iza mata suka je kwashe ɗakinta. Hajiya Muhibba ta ga babbar katantanwa naɗe cikin farin ƙyalle, da gishiri a ciki. Ba ta tambayi kowa ba, ta jefa a shara, ta shiga guruf ɗinmu na waya ta rubuta wai mu yawaita wa Delou addu'a, an ga kayan tsafi a ɗakinta. Tsafi! A ƙasar nan, inda kalmar nan ba abin wasa ba ce! Har maganar ta kai ga 'yarta Sahadatou a Kwatano, ta kira ni tana kuka.

Hajiya, ma'aunin gishirin mahaifiyar Inna Delou ne. Da shi Inna take auna gishirin miyar da kika sha sati biyu lokacin da kika haifi Rayyan, har kina aikowa a ƙaro. Yau kuma kin sa hotonta kina "uwata ta tafi". Haba Hajiya, ki ji tsoron Allah.

Ni na sa hannu cikin sharar na ciro ta. Na wanke ta, zan aika wa Sahadatou.

Allah Ya jiƙan ki Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Sahadatou, Allah Ya ba ki haƙuri ke da dangi duka.

Duk wadda miyar nan ta taɓa shiga cikinta, ta faɗa a ƙasa, da sunanta, Sahadatou na karantawa. Hajiya Muhibba, ke za ki fara.