Khala Mastura, Mai Turara Tulunan Ammariyya

Har zuwa bara, duk wanda ya bi ta lungun su Khala Mastura, wato Inna Mastura, a unguwar Ammariyya bayan sallar asuba, hancinsa ne ke fara gaya masa ta tashi. Ƙamshin mistika zai ji, wato ƙaron nan da mutanen Hijaz ke turara mazubin ruwa da shi. Tana idar da salla take hura gawayi a ɗan kaskonta, ta fito da tulunanta tsakar gida, 'yan tulunan ƙasan nan masu dogon wuya da ake kira sharba a nan Jidda. Ta ɗauraye kowanne da ruwa zalla, ta jefa ƙwayar mistika a garwashi, ta kifa tulun a kan hayaƙin tun cikinsa da danshi. Idan ya sha hayaƙi ya ƙoshi, sai ta cika shi da ruwa, ta ɗaure masa farin ƙyalle a baki, ta jera shi da 'yan uwansa a inda iskar teku ke ratsawa. Kafin rana ta yi zafi tulunan sun fara zufa, ruwan cikinsu ya yi irin sanyin da ba ya kashe haƙori.

A Jidda aka haife ta. Kakanninta da ƙafa suka taho daga ƙasar Hausa don sauke farali, suka sauke, zama ya kama su. A wurin mahaifiyarta ta koyi wannan aiki, kuma babu wanda ya taɓa naɗa ta a kansa. Haka kawai muka tashi muka tarar, in an yi haihuwa ruwan Mastura ake sha, in an yi rasuwa ruwan Mastura ake sha, in azumi ya kama tulunanta ne a jere a bakin masallaci tun kafin a kira magariba. Mijinta, marigayi Othman, wanda ya yi aikinsa a tashar jiragen ruwa har ƙarfinsa ya ƙare, yakan ce shi dai ya auri mace ya tarar da 'ya'ya cike da ɗaki, duk na yumɓu, kuma duk sun fi shi gata.

Gaskiya ya faɗa. Ba zan yi muku ƙarya don ina yabonta ba: Khala Mastura tana da faɗa. Ka zauna a tabarmarta, ka ci abincinta, ka kwana a gidanta in ka ga dama, amma kada ka kuskura ka ɗaga mata tulu. Ita za ta zuba maka, ita za ta mayar. Mata nawa ne suka sha masifarta don sun kama sharba ta wuya maimakon su tallafe ta ta gindi? Wata amarya ta taɓa yi mata gwaninta a gidan biki, ta wanke tulu ɗaya da sabulu. Mastura ta ɗauki tulun ta ba ta, ta ce ta kai gida ta shuka na'ana'a a ciki. Ƙasa tana shanye duk abin da aka ba ta, in ji ta, kuma ba ta amayar da shi har ta fashe.

Abdulghani, dattijon da take sayen tuluna a wurinsa, har yau in aka ambace ta sai ya dafe kai yana dariya. Ya ce idan ya hango ta tafe ya san cinikin safiyar nan ya tafi hutu. Za ta ƙwanƙwasa tulu da bayan yatsa ta kai kunne. Wanda ya amsa a dushe, akwai tsaga a ɓoye, ta ture shi gefe. Wanda ya amsa tar, ta zuba masa ruwa ta zauna ta zuba masa ido. In bai yi zufa ba, ba zai sanyaya ruwa ba. In zufar ta yi yawa har tana ɗiga, kafin la'asar ya shanye rabin abin da aka ba shi amana. Masu sheƙi da fenti kuwa ko kallo ba su ishe ta ba, ta ce na ado ne, a bar wa masu falo. Sai ta tara masa shago da tulunan da ta ƙi, ta ɗauki ɗaya tak, ta kuma ce masa da kyar ta samu.

Ke ce, Khala, wadda kwandon kanki ya zama sanarwa a unguwarmu. In aka gan ki da safe ɗauke da tuluna kin nufi wani lungu, kowa ya san akwai abin da ya faru a can, sai mata su jawo abaya su bi sawunki. Nafissa ba ta manta ba. Baƙuwa ce a lokacin, daga Nijar, ba ta daɗe da zuwa ba mijinta ya faɗi a wurin aiki ya cika. Ba ta da dangi a nan, Larabcinta bai wuce na gaisuwa ba. Ta ce tana zaune ita kaɗai a ɗaki tana tunanin ko mutum ɗaya ba zai leƙo ya yi mata gaisuwa ba, sai ga wata mata da ba ta taɓa gani ba ta yi sallama, ta sauke kwando, ta fara jera tuluna a bakin ƙofa. Kafin azahar ɗakin ya cika har waje. Yawancin matan ba su ma san sunan mamacin ba, kwandon suka biyo. Kin zauna tare da ita har aka tashi daga makokin.

Zamani ya yi ta juyawa. Firji ya shiga kowane gida, ruwan roba ya cika masallatai, tsofaffin maƙwabta suka watse, wasu Mahjar, wasu Ruwais, wasu kabari. Waɗanda suka taso daga baya sukan karɓi ruwanta don kunya, su kurɓa su ce yana warin hayaƙi. Ta ji, ba ta fasa ba. Mu da muka girma a kansa, wallahi har yanzu in muka buɗe firji sai mu ji ruwan sanyi kawai yake da shi, ba ya kashe ƙishi. Ina kewar wancan lokaci, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba.

Abin da ya tsayar da ita ba firji ba ne. Hannunta ne ya fara rawa. Ta ɓoye iya ɓoyewa, har ranar da tulu ya suɓuce mata a tsakiyar zaman makoki, ya tarwatse, ruwa ya jiƙa matan da ke kusa. Kowa ya ce ba komai. A wurinta komai ne. Matar da ta yi shekara da shekaru tana hana mutane taɓa tulu don kada su fasa, yau ita ta fasa a gaban jama'a. Ta tsince gutsattsarin da kanta, ta koma gida, a makon nan ta rarrabar da tulunan ga duk wanda ya miƙo hannu. Daga nan lungun ya daina ƙamshi da asuba. In aka tambaye ta sai ta ce ta gaji, a bar ta ta huta.

Ana haka Rana ta zo mata. Rana 'yar Fatu ce, Fatu kuwa ƙawar Mastura ce tun suna 'yan mata, gidansu na kallon juna kafin 'ya'yanta su ɗauke ta su koma Mahjar. Tsufa ya taɓa wa Fatu hankali. Ta manta 'ya'yanta, tana kiran Rana da sunan wata yayarta ita Fatun da ta rasu tuntuni. Sannan ga sabon tashin hankali: ta daina shan ruwa. A kofi, a roba, a cokali, duk sai ta damƙe baki ta kau da kai, ta ce wannan ba ruwa ba ne. An kai ta asibiti an yi mata ƙarin ruwa, ta fizge allurar tana kuka, sai da aka riƙe mata hannuwa. Likita ya ce in ba ta koma sha da bakinta ba, dole a kwantar da ita a can. Rana ta san uwarta ba za ta jure kwanciyar asibiti a hannun baƙi ba.

"Khala, Ummi kullum moyar Ammariyya, ruwan Ammariyya, take kira," in ji Rana. "Ni ban san wata moya a Ammariyya ba sai taki."

Mastura ta dubi hannuwanta a kan cinya suna ta rawarsu. Ta ce ta bar wannan aiki, halas, an gama, ba ta da tulu ko ɗaya. Rana ba ta yi gardama ba, ta dai zauna ta ƙi tashi. Can Mastura ta ce ta kawo mota.

Suka bi gidajen da aka kai tulunan. Abin da suka gani ya isa ya sa mutum dariya da kuka a lokaci guda. Wani an shafe shi da fenti mai ruwan zinari an ɗora a kan talabijin. Wani an cusa masa furen roba. Waɗanda suka fi ƙoƙari sun wanke nasu tas da sabulun kwanuka sun adana a kabad, don girmamawa. Mastura ta riƙa shinshina bakin kowanne tana ajiyewa, ba ta yi wa kowa faɗa ba, abin da ya fi ba mutane tsoro ke nan. Sabon tulu kuma ba zai yi ba, don sai an jiƙa shi an zubar, an jiƙa an zubar, kafin ɗacin ɗanyar ƙasa ya fita, Fatu kuwa ba ta da wannan lokacin.

Da suka dawo gida, Mastura ta sa Rana ta jawo wani akwati daga ƙarƙashin gado. A ciki, naɗe da tsohon zane, akwai sharba ɗaya, baƙa-baƙa don tsufa, bakinta ya ɗan ɓantare. Ta mahaifiyarta ce. Tun ranar da aka binne tsohuwar ba a sake zuba mata ruwa ba, kuma ko Othman bai taɓa sanin tana nan ba. Mastura ta miƙa hannu za ta ɗauka, hannun ya hau rawa, ta janye. Ta sake miƙawa, ta sake janyewa. Rana ta ce ta ga hawaye a idonta, amma da ta yi magana muryarta irin ta dā ce, mai faɗa.

"Yalla, ya binti, maza 'yata, ɗauki. Ta gindi, ba ta wuya ba. In kin fasa ta, ni da ke ne har lahira."

Ranar ce karo na farko da wani hannu ya turara tulun Mastura. Ita tana zaune a kujera tana ba da umarni, Rana na durƙushe gaban kasko tana tari. Ta sa ta ɗauraye, ta sa ta jiƙa shi ya farfaɗo, ta ce mistikar ta yi yawa a rage, ta ce an ɗaga da wuri a mayar. Suka cika shi, suka ɗaure bakin, suka bar shi a inuwa har jikinsa ya fara raɓa. Sannan suka nufi Mahjar, Mastura a kujerar baya ta rungume shi a cinya, tana yi wa Rana faɗa a kan kowane rami.

Fatu na kwance, leɓɓanta sun bushe sun tsage. Ta dubi Mastura kamar yadda ake duban baƙuwar da ta ɓata hanya, ba ta gane ta ba. Mastura ta gaishe ta, ta kira ta Yaya Fatu yadda ta saba, ba ta amsa ba. Rana ta kwance ƙyallen ta tsiyaya ruwa a kofi. Ƙarar da tulu ke yi in ana tsiyayawa, ƙul-ƙul ɗin nan, ita ta fara juyo da kan tsohuwar. Aka kai mata kofin kusa da hanci. Ta shinshina, ta daɗe tana shinshinawa, sai ta kama kofin da hannu biyu ta shanye. Ta riƙe na ƙarshen a baki tana juyawa kafin ta haɗiye.

"Wannan ba hannun Mastura ba ne," in ji ta. "Mastura ba ta cika hayaƙi haka. Amma ƙaro mini."

Mastura na zaune a gefen gadon, gwiwarta na taɓa tata. Ba ta ce ga ni ba. Ta rufe fuska da gefen mayafi, kafaɗunta na girgiza, Rana ta ce har yau ba ta san ko dariya take yi ko kuka ba. Da ta buɗe fuska sai ta harari Rana ta ce ai ta gaya mata mistikar ta yi yawa.

Ba a kwantar da Fatu a asibiti ba. Tana gidan 'yarta, tana shan ruwanta, kuma har yanzu ba ta gane matar da ke zuwa duk Juma'a ta zauna kusa da ita. Takan ba ta labarin wata ƙawarta Mastura, mai faɗa, wadda babu mai ruwa irin nata a duk Jidda. Mastura takan saurara har ƙarshe, ta ce ita ma ta taɓa jin labarin matar.

Khala Mastura, uwar tuluna, mai shayar da wanda ta sani da wanda ba ta sani ba, mun gode. Ke ce kika shayar da iyayenmu ranar da aka haife mu, kika shayar da mu ranar da muka binne su. Ba mu taɓa tsayawa mun ce sannu ba, don mun ɗauka ruwa ne kawai. Allah Ya ba hannuwanki sauƙi, Ya shayar da ke daga Alkausara yadda kika shayar da bayinSa.

Ku kuma da ke karanta wannan, ba na ce kowa ya je ya sayi tulu ba. Amma kowace unguwa tana da wani ɗan aiki da mutum ɗaya ya riƙe shekara da shekaru ba wanda ya sa shi. Ku nemi mutumin tun yana da rai, ku durƙusa gabansa ku koya, ku jure faɗansa. In kuma a Jidda kuke, ƙofar Khala Mastura a buɗe take da safe. Ba ta iya ɗaga tulu yanzu, sai dai ta zauna ta nuna, kuma ta yarda a taɓa.