Azumin da Ban Ɗauka Ba

Lokacin da wannan abu ya same ni, amarya ce ni, ban ma gama sanin lungunan gidan mijina ba. A wata ruga aka haife ni can bayan Doguwa, inda muke kiwo muna taɓa noma, aure ya kawo ni Kiru gidan wani malamin firamare. Da yardata aka yi, ba ni da ƙorafi a nan. Abin da na zo da shi daga gida, bayan ƙore da akwati, shi ne fulako. Tun ina ƙarama Innata ta dasa mini shi: mace ba ta ci ba ta sha a gaban surukai, ba ta ɗaga ido, ba ta mayar da magana ko da an faɗi abin da ba haka yake ba. Na riƙe wannan kamar karatun sallah. Yau in na tuna inda ya kai ni sai haushi ya turnuƙe ni, in rasa da wa zan fara, da kaina ko da mutanen gidan. Shi ya sa na ce bari in rubuto wa mujallar nan, ko wata ta karanta ta tsira.

A shekarun nan ne da ƙaramar Sallah take faɗowa tsakiyar bazara, lokacin da ko kaji buɗe baki suke yi a inuwa. Ina ɗauke da cikin fari wanda bai fito ba tukuna, kuma ban da maigidana babu wanda ya sani, don a wurinmu cikin fari abin ɓoyo ne. Cikin kwanakin yawon Sallah sai maigidan ya tsiro da shawarar a kwashi yaran gidan a kai su wani wurin wasa da ke bakin dam a ƙasar Bebeji, inda ya ce akwai lilo da kwalekwale da wata majaujawa mai dawakan katako. Ya samo bas. Yayarsa, wadda dukanmu muke kira Yaya, ta ce da ita za a je. Mahaifinsu kuma, Baba, ya ce ba za a kai masa jikoki bakin ruwa babu babba ba, duk da yana azumin Sitta Shawwal kuma gwiwoyinsa na damunsa. Ni da hannuna na dama kunun zaƙi, na tace zoɓo, na cika jarka da ruwan randa. A Kwanar Dangora aka tsaya aka sayi ƙanƙara aka zuba a babbar kula. Ku riƙe wannan da kyau, masu karatu: duk abin shan da ke cikin motar nan ni na haɗa shi.

Kuskurena na farko kaya ne. Na sa leshin Sallata, irin mai kaurin nan da iska ba ta ratsa shi, na ɗaura ɗankwali, na yafa mayafi mai nauyi na rufe har goshi saboda Baba na cikin motar. Kafin mu isa, bayana ya jiƙe sharkaf. Wurin kuwa fili ne fetal, ƙarafan lilon sun ɗauki zafi har yara na taɓawa suna yarfe hannu, kuma kowace bishiya an riga an kama gindinta. Da ƙyar muka samu wata darbejiya. Aka shimfiɗa wa Baba tabarma a jikinta, sai maigidana, da dabararsa ta malaman makaranta, ya ce a ajiye kula da jarka kusa da Baba, tunda shi ba sha zai yi ba kuma ba tashi zai yi ba, ya zama mai gadi. Kowa ya yaba wannan tunani. Ni kuwa na ja jiki can bakin inuwa na zauna, na sunkuyar da kai, ina lissafin cewa dole wani lokaci tsoho zai miƙe ya ɗan zaga, in samu in sha.

Ba a jima ba Yaya ta buɗe kula ta fara rabon zoɓo. Ta miƙo mini kofi, har raɓa ta kwanta a jikinsa. Maƙogwarona ya motsa, amma Baba na zaune yana kallon wajen, sai na girgiza kai na ce alhamdu lillahi, yadda aka koya mini. A gidanmu kowa ya san ma'anar wannan: a ajiye, a ba ta wuri, za ta sha daga baya. A gidan nan ba haka aka fahimta ba. Baba ya dube ni, fuskarsa ta washe, ya ce, "Ikon Allah. Ashe yarinyar nan ita ma Sitta Shawwal take yi. Allah ya yi miki albarka, 'yata." Ya shiga yabon iyayena da irin tarbiyyar da suka ba ni, ya ce ga 'ya'yan cikinsa sun zauna suna ɗirkar zoɓo, ga baƙuwa ta fi su. Daga nan ya kafa doka: kada wanda ya ƙara yi mini tayi, kuma duk mai sha ya koma bayan bishiya, kada a tsaya a gaban masu azumi.

Kalma ɗaya ce za ta fid da ni, in ce a'a. Na buɗe baki, ta ƙi fita. Yaya za a yi in ƙaryata surukina a gaban jama'a, yana tsakiyar sa mini albarka? Na yi shiru, shirun nan kuwa aka ɗauke shi a matsayin e. Wanda ya fi ba ni haushi har gobe shi ne maigidana. Tare muka sha koko da ƙosai da safen nan, shi ya ma ƙara mini. Ya dawo daga wajen kwalekwale, Baba ya ba shi labarin azumina, maigidan ya dube ni, na dube shi ta ƙasan mayafi da duk roƙon da ido zai iya yi. Sai ya sosa ƙeya, ya ɗauki kofinsa ya zaga bayan bishiya. Daga baya da na tuhume shi, cewa ya yi wai kunyar Baba ya ji, ba ya son a ga ya san abin da matarsa ta ci da wanda ba ta ci ba, kuma wai ya zaci zan yi dabara. Wace dabara, bayan shi ya kai ruwan ya ajiye a gefen tsoho?

Rana ta yi ta hawa, inuwa ta yi ta janyewa zuwa gindin bishiya, wato zuwa wajen Baba. Ni kuma ba zan matsa kusa da shi ba, sai na zauna inda nake har rana ta cim mini, ta fara da ƙafafu ta hau kafaɗa. Kaina ya soma sara. Leɓɓana suka bushe, yawu ya yi kauri. Ga dam shimfiɗe a gabana iya ganin ido, ga masu tallan ƙanƙara a leda suna wucewa, duk wanda ya nufo ni sai Yaya ta kore shi ta ce mai azumi ce. Da azahar ta yi na ce to ga mafita, zan sha a wajen alwala. Sai Yaya ta ɗauki buta ta ce mu je tare. Ta tsaya a kaina tana zuba mini, tana jan kunnena in yi hankali wajen kurkure baki kada ruwa ya wuce. Ruwa ya shiga bakina, na juya shi, na tofar a ƙasa ina kallo ƙasa ta shanye. Ban taɓa jin takaici irin na wannan lokacin ba.

Bayan sallah na lura gumin ma ya daina fita, jikina ya yi zafi ya bushe. Sai marata ta fara ɗaurewa tana saki. Nan tsoro ya shige ni na gaske, don na san ba ni kaɗai ke jin ƙishirwar nan ba. Na riƙa cewa a zuciyata, yanzu zan tashi in ɗauki kofi, duk abin da za a ce a ce. In ɗaga ido in ga Baba yana jan carbi, hannunsa ɗaya a kan murfin kula, sai in koma. Wajen la'asar yaran suka zo suka ja hannuna wai in zo in ga dawakai. Na bi su don ina fatan in ɓace wa Yaya a cikin mutane, amma tana bayana. Na tsaya ina kallon abin nan yana juyawa, yara na ihu, sai na ga filin gaba ɗaya ya shiga juyawa tare da shi. Iyakar abin da na sani ke nan.

Na farfaɗo a gindin darbejiyar, an jiƙa mayafina an lulluɓa mini, Yaya na yi mini fifita. Abin da na fara ji shi ne muryarta tana cewa a dai shafa mata a fuska, kada a karya mata azumi, saura kaɗan rana ta faɗi. Wallahi da ina da ƙarfi da na yi kuka. A nan ne Allah ya buɗe bakin maigidana, ya ce, "Baba, ba azumi take yi ba. Tare muka karya da safe. Kuma tana da juna biyu." Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige. Na ji ƙarar jarka, na ji ana tsiyaya. Da na buɗe ido sai na ga Baba ya juya mini baya, fuskarsa na kallon dam, ya miƙo hannu ta baya riƙe da kofi. Ya ce, "Sha, 'yata. Ban gan ki ba."

Na sha. Daga nan aka sa ni a mota zuwa wani ƙaramin asibiti, aka yi mini ƙarin ruwa. Ma'aikaciyar da ta duba ni ta wanke mu tas, ta ce mai ciki da zafin nan ba a wasa da su, da an ƙara jinkiri da labarin ya canza. Allah ya tsare, cikin ya zauna. Yarinyar da na haifa yanzu har ta shiga makaranta, ba ta san ta taɓa yin azumi tun kafin ta zo duniya ba.

Ban ce a zubar da kunya ba, ni ma har yau ba na ci a gaban manya. Amma 'yan'uwana mata, in za a fita da ku cikin bazara, ku sa kaya marasa nauyi, ku riƙe gorar ruwanku a jikinku, ku sha tun ƙishi bai kama ku ba, ku bi inuwa duk inda ta koma ko wa ke zaune a cikinta. In kai ya fara sara ko gumi ya ɗauke, ku yi magana. Ku kuma maza, kada ku ajiye ruwa a gefen wanda ake jin nauyinsa, kuma in kun san gaskiya ku faɗe ta tun mutum yana tsaye da ƙafafunsa. Manya, in yarinya ta ce ta ƙoshi, ku tashi ku ba ta wuri kafin ku yanke mata hukunci, ko da hukuncin yabo ne.

Baba bai taɓa tayar da maganar nan ba har Allah ya karɓi abinsa. Sai dai tun daga ranar, duk sanda na shiga gaishe shi, da kansa yake cika kofi ya ajiye a gabana, ya dafa sandarsa ya miƙe da gwiwoyin nan nasa, ya ce bari ya duba awaki. Gidan kuwa babu akuya ko ɗaya.