Geron Yaya Isuhu da Aka Daka Ranar Sadakar Uku

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in rubuta abin da zai ja wa mamaci surutu bayan ƙasa ta rufe shi. Sai da ruwa ya sake ɗauke mana bana tun hatsi bai nuna ba, na ga shirun ba shi da amfani.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, wanda mutanen Mayahi suka sani da Mushe Isuhu, wato Malam Isuhu a bakin 'yan boko, malamin kimiyyar halittu a kwaleji. Cikin abin da aka ba shi ya koyar akwai darasin wani Bature na zamanin da, mai cewa halittu na sauyawa a hankali daga zuriya zuwa zuriya, wanda ya fi dacewa da wurin zamansa shi ke barin baya. Yaya ya gaya mini ko a ƙasashensu an sha rigima a kai, har wasu suka fake da shi suka ce wata fata ta fi wata. Wannan kam yana ƙyamarsa. Shi gona ya kai darasin. Yakan nuna wa ɗalibai shibra, geron nan na banza mai zubar da ƙwaya kafin girbi, ya ce da ita da geronmu dangi ne, zaɓen iri na kakanni ne ya raba su.

A gonarmu ta ƙauyen Sarkin Hausa, kowace kaka sai ya bi kunya-kunya yana ɗaura tsumma a zangarniyar da ta riga sauran nuna. Ita kaɗai yake ajiyewa ta zama iri. Shekara da shekaru yana haka, har ya kai muna girbi na maƙwabta yana ɗanye.

Amma maganar aji da wata kama ta iso gari: wai Mushe ya ce kakan mutane biri ne. Ranar kasuwa Kawu Habu, ƙanen mahaifiyarmu, ya tare shi.

"Isuhu, in kai jikan biri ne, ka sani ta wajen ubanka ne, ba ta wajenmu ba."

Yaya ya yi dariya. "Kawu, ni gero na ce. Karɓi tiya guda, kwanon awo ɗaya tak, ka gwada mana."

"Irin biri? Kai masa can dawa ya shuka."

Sunan ya bi geron, mutane suka riƙa jin kunyar a gan su da shi. Ni kuwa na kasa sukuni, sai da na je na tambayi limaminmu ko akwai laifi a zaɓen iri. Ya ce Allah ke halitta, manomi ke zaɓe, in koma in yi nomana. Yaya dai ban taɓa ganin ya bar sallar jam'i ba.

Bayan girbi ya rasu, ciwon bai daɗe ba. Ranar sadakar uku muna zaman makoki a ƙofar gida, mata a ciki suna shirin gumbar da za a raba. Gwaggo Hajo, da ta zo daga nesa, ta leƙa rumbu ta ga wani dami an ware shi gefe, tsaf, ba ko ɓawon banza. Shi ta sa aka sussuka, aka daka. Ni ma na ci gumbar. Ba mu gane damin irin Yaya ne ba sai lokacin shuka, sauran geron kuwa an riga an cinye. Da aka gaya mata ta yi kuka, ta ce, "Na ga ya fi kyau ne, na ce mai kyau ya kamaci ɗana." Wa zai ga laifinta?

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga damunan yanzu. Bana Kawu Habu da kansa, ya tsufa, ya kira ni gefe ya ce, "Ɗan nan, ko ƙwaya ba ta saura ba?" Na san da Yaya na nan ba zai yi masa gori ba, tiya zai ɗauko.

Bai bar ɗa ba. Ɗalibansa sun watsu, ban san abin da suka riƙe ba. Abin da nake fata ya rage shi ne wannan: matarsa ta tuna ya taɓa ba wani Bafulatani abokinsa irin, mutumin wajen Kona, mai kawo shanu kasuwar Tasawa. Ba ta riƙe sunansa ba. Zangarniyar gajera ce, siririya, ƙwayar toka-toka. Ina jin tsoron ko ya gauraya da wani, ko an cinye shi wata shekarar yunwa.

Don Allah wanda ya san mutumin nan, ko ya ga irin geron nan a wata gona, ya aiko da labari ta hannun jaridar nan kafin ruwan shuka. Irin ko cikin tafin hannu ne ya isa.