Kibiyar Da Ta Yi Tafiya Ita Kaɗai

Jama'a, yau wata tsohuwa da ba ta taɓa riƙa ordinatar (kwamfuta) ba ta cece ni.

Da hantsi ina shagona na buga takardu, sai jan rubutu ya rufe allon ordinatar: wai cuta ta shiga, in kira wata lamba maza. Na kira. Mutumin da ya ɗauka ya ce shi ma'aikacin kamfanin da ya ƙera ordinatar ne. Ya gaida ni, ya tambayi gida, har na ji kunyar tuhumarshi. Ya ce in saka wata manhaja in karanta mishi lambobin da sunka fito. Na karanta.

Sai ƴar kibiyar nan ta kan allo ta fara tafiya ita kaɗai! Tana buɗe takardun haihuwa da katunan shaidar mutane da na ajiye.

Inna Hadiza, wata ƴar bori daga ƙauye da ta zo a buga mata takarda, ta leƙo.

"Ɗiyata, wa ke motsa abin ga?"

"Mai gyara ne, Inna."

"Kin san shi?"

"A'a, Inna."

Ta ce, "Mu dai ko iska ba ta hawa sai an yi mata goge. Wa ya kira wanga?"

Nan take na katse intanet, na kashe waya yana cikin magana. Na goge manhajar, na sake kalmomin sirri duka. Yanzu ina kiran masu takardun ɗaya bayan ɗaya ina faɗa musu.

Tambayar Inna ce ba ta bar ni ba. Ba ƙofa ya ɓalle ba. Ni na yi mishi gogen.