Ranar da Na Tura Amalanken 'Yata

A lokacin ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina aikin loda kaya a wani sito a unguwar Cheetham Hill a birnin Manchester na Ingila, ina zaune a unguwar Moss Side ni da 'yata tilo. Mahaifiyarta ta rasu tana ajin ƙarshe a firamare, tun daga nan na zama irin uban nan da ba ya barin yarinya ta ɗauki ko ledar cefane. Tukunya za ta sauke, sai in ce matsa in yi. 'Yan cocinmu har tsiya suke min, wai saura kawai in riƙa tauna mata abinci. Ni kuwa a ganina ƙauna ce nake nunawa.

Tana da wata ƙawa Baturiya tun suna ƙanana, iyayenta 'yan cocin Mormon ne, daga baya suka koma Birmingham. Wani hutun bazara, 'yata tana shekara goma sha shida, ƙawar ta gayyace ta wata tafiya da matasansu ke yi don tuna kakanninsu. A yadda aka yi min bayani, mutanen nan sun taɓa ratsa filayen yammacin Amurka a ayari da keken shanu, suna neman inda za a bar su su yi addininsu. Waɗanda ba su da halin sayen shanu suka ja amalanke da hannu, kuma da yawansu daga garuruwan Ingila suka tashi. Shi ne yanzu ake sa wa yara kayan da, a karɓe wayoyinsu, su yi 'yan kwanaki suna jan amalanke a karkara. Da farko na ce ba inda za ta. Da ta matsa, na ce to, amma ƙafata ƙafarta. Mahaifin ƙawar ya ce dama suna neman manya masu sa ido.

A wata gona mai tuddai yamma da Birmingham aka yi abin. Aka raba yara ƙungiya-ƙungiya, kowace da amalankenta na katako, an loda bokitai da barguna da jarkokin ruwa. Kowane yaro yana tafiya da sunan wani da ya riga mu gidan gaskiya, tawa ta ce ita da sunan mahaifiyarta za ta yi. Ni da na tura kura a kasuwar Kafanchan ina saurayi, kallon 'yan wasa nake musu, ina ta gyara musu lodi ba wanda ya tambaye ni.

Kashegari da hantsi muka iso gindin wani tudu. Jagoran tafiyar ya ce maza duk su hau sama su jeru a gefen hanya, su cire hula, su yi shiru, mata kaɗai za su ja. Ya ce ana yin haka ne saboda matan da mazajensu suka mutu a hanya, suka ci gaba da jan kaya su da 'ya'yansu. Ya ƙara da cewa kada namiji ya taɓa amalanke. Na ji shi sarai, ba zan ce ban ji ba. 'Yata tana gaba, cikin sandar da ake riƙewa a ja, gumi ya jiƙa mata riga. Da suka kai tsakiyar tudu sai amalanken ya tsaya cik. Zuciyata ta ce sun kasa. Ban san sa'ad da na zagaya ta baya da gudu ba, na sa kafaɗa na ingiza da duk ƙarfina. Na gaba ba su shirya ba. Amalanken ya zabura ya bugi 'yata ta baya, ta faɗi, ƙafar amalanken ta bi ta kan idon sawunta.

A cikin amalanken aka ɗora ta, maza suka gangara da ita zuwa mota. A asibiti a Birmingham aka ce karaya ce, aka ɗaure ƙafar. Ba wanda ya faɗa min baƙar magana. Mahaifin ƙawar cewa ma ya yi shi kansa sai da ya cusa hannuwansa a aljihu kafin ya iya tsayawa, kuma wannan ya fi zagi yi min ciwo. Sai da muka kama hanyar komawa Manchester 'yata ta buɗe baki. Yarinyar da kullum Turanci ne a bakinta, ranar da Hausa ta yi min magana, tana kallon taga.

"Baba, ba kasawa muka yi ba. Hutawa muke, mun riga mun shirya inda za mu tsaya."

Na ce ta yi haƙuri, tsoro ne ya kama ni. Sai ta ce, "Don Mama nake ja. Abu ɗaya da na so in yi mata da kaina ke nan."

Haka muka iso gida. Kunya da baƙin ciki suka cika ni, don na gane ba ita na je ceto ba, kallon wahalarta ne ni na kasa jurewa. Ta yi makonni tana dogara sanda, har yau idan sanyi ya shigo wurin yakan yi mata tsami. Ta yafe min, muna zaune lafiya, amma kafin a sake shirya irin tafiyar ta wuce shekarun shiga.

Shi ya sa na rubuto, musamman don iyayen da suka rasa abokin zama suka rungume yaro ɗaya kamar ni. Idan ka ga ɗanka ya tsaya a tsakiyar wani abu mai wuya, tambaye shi tukuna ko yana son hannunka, kuma in an ce ka tsaya gefe, ka tsaya. Ƙafar 'yata ta warke, amma tudun nan ba ta kai ƙarshensa ba, kuma ni ne na hana ta.