Fashi na Uku a Wurin Malamar Fiyano

Wautata daga baki ta fara, kamar yadda ta saba. Wani ɗan garinmu da ke aiki a Abuja ya kawo wa cocinmu fiyano na lantarki, yaron da ya iya kaɗawa kuma ya samu makaranta ya tafi. Abin ya zauna cikin leda yana shan ƙura. Ran nan a taron zumuntar maza ana ta ƙorafi, sai na miƙe na ce ni zan kaɗa shi ranar Kirsimeti, ni da aji uku na firamare ya gagara. Aka tafa, Fasto ya sa albarka. Tunda aka sa albarka kuwa, babu ja da baya.

Na samu malama a cikin Kafanchan, sa'ar 'yata ta biyu, tana koyarwa a falon gidansu. Ranar farko ba ta bar ni na taɓa fiyanon ba sai da ta jero mini dokokinta. Kuɗi ana biya tun farkon wata. Darasi minti arba'in da biyar ne, agogo kuma yana fara tafiya daga lokacin da aka ba ka, ba daga lokacin da ka gama gaisuwa ba. Waya a kashe. In ba za ka zo ba, ka sanar kwana ɗaya kafin, in ba haka ba kuɗin ranar ya tafi. Wanda ya yi fashi sau uku babu sanarwa, an ba wani gurbinsa, don akwai iyayen da ke jira da 'ya'yansu. Da murya mai sanyi ta faɗa. Na yi shekaru ina kai ruwa rana da dillalan citta, amma ban taɓa jin shakkar mutum haka ba.

Na tambaye ta batun mutuwa, don a shekaruna rabin yawona na jana'iza ne. Ta ce ai ana sanar da ranar biso, wato ranar binnewa, tun a coci. Gaskiyarta, mu namu sai gawa ta kwana biyu a mutuware dangi sun taru. Na ce to.

Fashi biyu na farko ni na jawo wa kaina. Na ɗaya, na tsaya a kasuwa ana gardamar siyasa, na ga in na tafi babu mai gyara musu tunani. Na biyu, akuyata ta tsinke ta shiga gonar maƙwabci, na manta da waya. Da na dawo ba ta yi faɗa ba. Ta buɗe fiyano ta ce, "Baba, saura ɗaya."

Daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba. Ranar darasi tun da sauran lokaci nake zaune a gindin mangwaron ƙofar gidansu, kamar mai jiran likita. Yatsuna na fartanya ne, in na nufi ɗaya sai in danna biyu. Waƙa guda tak nake koyo, hannun hagu bai ma shiga ba, ga Kirsimeti na matsowa. Matata kuma ta riga ta gaya wa zumuntar mata su zauna a layin gaba.

Wata safiya ta darasi, ina ɗaure takalmi, babban ɗan Alhaji ya kira ni. Alhaji shi ke sayen cittata tun kafin in yi aure. Yana cin shinkafarmu ta Kirsimeti, ina cin namansu na layya. Tun da na fara koyon nan yake kirana Bature mai fartanya, yana cewa zai zo ya tsaya a tagar coci ya ga yadda zan sha kunya. Yaron ya ce Alhaji ya rasu bayan asuba, za a kai shi in an gama shiri, wataƙila wajen azahar.

Su ba sa ajiye gawa, na san wannan tun ina yaro. Matata ta ce in kira malama in gaya mata. Na ɗauki wayar, sai na ji kamar muryar nan mai sanyi tana ce mini doka doka ce. Na ga kaina tsaye gaban zumuntar maza ina bayani. Na mayar da wayar aljihu, na ce darasi ƙarfe goma ne, azahar da nisa, zan samu duka biyun. Matata ta dube ni ta ce ni na sani.

Ban taɓa yin darasi mai muni kamar na ranar ba. Idona na kan agogon bango. Malama ta ɗauka fargabar ƙarewar lokaci ce ke damuna, sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta ƙara mini minti goma kyauta. Na zauna na karɓa, har da godiya.

Da na fito na tare mashin, na ce wa mai mashin ɗin ya yi gudu. Kafin mu kai unguwar su Alhaji muka ci karo da mutane suna dawowa daga maƙabarta, wasu da shebur a kafaɗa. Dangi sun hallara da wuri, ba a ga abin jira ba. Na sauka na bi bayansu. A ƙofar gida aka matsa mini a kan tabarma, ɗansa ya riƙe hannuna yana ta godiya da na zo. Babu wanda ya tambaye ni inda na tsaya.

Mako na gaba na koma darasi a kan lokaci. Ban yi niyyar faɗa ba, amma da ta tambaye ni me ya same ni wancan makon, sai na kwashe duka na gaya mata, har da wayar da na mayar aljihu. Agogo na tafiya, ba ta ko kalle shi ba. Can ta sauke hannunta daga kan fiyanon ta juyo.

"To Baba," in ji ta, "wace irin mutum ka ɗauke ni?"