Ranar da kakana ya cika kwamfuta

Shekarun baya, ina ɗalibar kwamfuta a Enugu, na zo hutu gida unguwar Fegge a Onitsha da kai a kumbure, gani nake babu abin da zai gagare ni. Lokacin 'yan albasa na kasuwar Head Bridge, ta bakin gadar kogi, sun gama ginin sabon masallacinsu, aka yi shawarar cewa wanda ya fi kowa daɗewa a Onitsha shi zai karɓi makulli ya buɗe ƙofa. Kawuna ne sakataren ƙungiya. Ya ce, "Ke mai karatun na'ura, zuba mana sunayen dattawa da ranar zuwan kowa, ta jera su. Na gaji da gardama."

Gardamar kuwa ta wasu tsofaffi biyu ce da suka iso a mota ɗaya lokacin da kuɗin mai ya buɗe kasuwa, kowa na rantsuwa shi ya riga saukowa. Don in raba su, kuma don in burge, na sa rumbun bayanan da na zuba sunayen a ciki ya lissafa zaman kowa da sakan. Da sakan fa, kamar masu tseren gudu.

Ina dannawa sai jan rubutu ya fito, wai lissafi ya yi ambaliya. Na kashe na kunna, na zargi wuta, na zargi kwamfutar. Da na rasa wanda zan zarga, na koma cire sunaye ɗaya-ɗaya ina gwadawa. Ina cire sunan kakana komai ya tafi sumul.

Shi Kaka yana yaro ya biyo mahaifinsa Onitsha, tun kafin a gina gadar. Da rikici ya ɓarke ya tafi Kano da iyalinsa, ana gama yaƙin basasa ya dawo. Na gwada sa ranar dawowarsa maimakon zuwansa na farko, lissafi ya yi, amma ya faɗo ƙasan wasu da suka riga shi dawowa.

Kawu ya leƙo ya ce, "To ai ga shi ya yi. Abeg, don Allah bar shi haka, jibi ne buɗewa."

Raina bai kwanta ba. Na samu Kaka a ƙofar gida na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa. Ya ce, "Amarya," don haka yake tsokanata, "yanzu da hannunki za ki yanke min kuruciyata? A bakin kogin nan na koyi iyo. Nan na binne ubana." Dariya yake yi, amma ya kau da kai, kuma na ga idonsa ya kawo ruwa. Kunya ta kama ni sosai.

Na koma na zauna na karanta saƙon da kyau, abin da ya kamata in yi tun farko. Ashe gurbin da ake zuba amsar yana da iyaka, kamar mudu. Idan da sakan ake aunawa, bai ɗaukar abin da ya wuce shekara sittin da takwas, Kaka kuwa ya haura. Kalma ɗaya na canza, na ce a auna da kwanaki. Sunansa ya haye can sama, ko an cire shekarun Kano ma babu mai kamo shi. Na yi ihun da mahaifiyata ta fito da ludayi a hannu. Tsofaffin nan biyu kuwa suka yi kunnen doki, har yau ban raba su ba.

Ranar buɗewa Kaka ya ƙi hawa okada, wato acaɓa, da ƙafa ya taka cikin farar babbar riga. Da aka miƙa masa makulli ya juyo ya ce wa jama'a, "Ku shaida, ni ne na shiga kwamfuta ta cika ta zube." Masallaci ya kaure da dariya, ni ina daga baya ina share hawaye.

Yanzu wannan aikin nake ci da shi. Duk lokacin da layi ɗaya na bayanan wani ya hana lissafi tafiya, aka ce in gyara shi ya daidaita da sauran, sai in tsaya in tambayi na wane ne tukuna. Kaka ya rasu, Allah ya jiƙansa. Amma idan na je Head Bridge babu mai kirana da sunana, sai dai in ji an ce, "Ga jikar wanda ya cika kwamfuta."